Gwanjo ta Waya da Rigimar Mayar da Kuɗi a Ƙasar Kazaure

Tun kaka da kakanni Hausawa suka ce ba a cinikin biri a sama. Amma a wannan zamani, wanda duk ya zaga Kazaure da Roni da Gwiwa, ya leƙa Babura can bakin iyakar Nijar, zai tarar cinikin biri a sama ya zama ruwan dare. Mutum yana zaune a zaurensa sai ya ga hoton rago, ko babur, ko turmin atamfa a cikin wayarsa. Ya taya, wani ya ƙara, shi ma ya ƙara, har a sallama masa. Sa'an nan ya aika da kuɗi ta banki, bai ga mai kaya ba, mai kaya bai gan shi ba. In kaya suka iso yadda aka siffanta su, to, madalla. In kuwa suka zo da aibi, ko ba su zo ba sam, sai rigima ta tashi, mai saye ya ce a mayar masa da kuɗinsa, mai sayarwa ya ce ciniki ya riga ya faɗa. Wannan rigima ita mu ke so mu duba yau, domin tana cin dukiya, tana kuma ɓata zumunci, kuma masu albashi, watau malaman makaranta da ma'aikatan ƙananan hukumomi, ba su tsira daga gare ta ba.

Yadda Ciniki Ya Ke a Da

Kafin mu ga inda aka yi tuntuɓe, ya kamata mu tuna yadda iyayenmu suka tsare kansu. Cinikin kasuwarmu a kan abu uku ya ke tsaye. Na fari shi ne gani. Mai sayen rago ya kan buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya shafa gadon bayansa, ya sa a kora shi ya ga tafiyarsa. Na biyu shi ne shaida, domin ba a cewa an sallama sai a gaban mutane. Na uku shi ne dillali. La'adar da a ke ba dillali ba ladan surutu kaɗai ba ce, har da ladan lamuni. In saniya ta zama ta sata, ko aka ɓoye ciwonta, shi za a fara kamawa, shi kuwa ya san gidan da ta fito. In magana ta fi ƙarfinsa sai a kai wa sarkin kasuwa, in ta gagara a je gaban alƙali. Haka abin ya ke tun zamanin da Kazaure ta ke da En'enta a cikin Lardin Kano, har aka kafa ƙananan hukumomi a 1976, har aka yanke Jihar Jigawa daga Kano a 1991.

Wannan tsari bai tsaya a gida kaɗai ba. Wani masani, Abner Cohen, ya bayyana cikin littafin da ya buga a 1969 yadda Hausawan Sabo a Ibadan su ke sayar wa mahauta shanu bashi, alhali ba takarda ba sa hannu. Abin da ya riƙe cinikin shi ne maigidan da fatake su ke sauka wurinsa, wanda ya ke lamunce musu kuɗinsu. Ashe ke nan tun can ba kirkin mutane kaɗai ya ke tsare ciniki ba, akwai wanda za a riƙe in abu ya ɓaci.

Abin da Waya Ta Sauya

Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001. Bayanta Facebook da WhatsApp da TikTok suka biyo, kowa ya mai da wayarsa rumfa. Da aka yi ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, lokacin canjin naira, har mutanen ƙauye da ba su taɓa amincewa da banki ba sai da suka koyi tura kuɗi ta waya, ko ta hannun masu POS. Yau matar aure a Kazaure tana iya zaɓen leshi daga Kantin Kwari ba ta fita ƙofar gida ba, a ba direba a tasha ya kawo mata ta hanyar Kano zuwa Daura. Wannan sauƙi ne babba, ba mai musun haka. Sai dai abubuwan nan uku duk sun faɗi a hanya. Hoto ya maye gurbin gani, shaidu sun zama lambobin waya, dillali kuwa babu shi.

Hukumomi ma sun shiga gwanjon intanet. Hukumar Kwastan ta buɗe nata a Yuli 2017 domin sayar da kayan da ta kama, ta kuma sabunta shi a Janairu 2024. Hukumar EFCC ta yi gwanjon motocin da kotuna suka ƙwace a Janairu 2025, masu tayi da yawa suka koka cewa shafukan sun ƙi buɗuwa, wasu kuma suka ce sun ga tayin da hankali ba zai ɗauka ba, har hukumar ta fito ta ce za ta duba koke-koken. 'Yan damfara kuwa sun sami abin fakewa. Kwastan ta sha yin gargaɗi a kan masu buɗe shafukan ƙarya da sunan jami'anta, suna tallan mota ko shinkafa da araha, su ce a fara tura kuɗin fom cikin asusun wani mutum. Araha ba ta ado.

Kukan Kowane Ɓangare

A ce malamin makaranta a Roni ya ci gwanjon waya a wani zauren WhatsApp, ta iso, kwana biyu batir ya ƙi riƙe caji. Shi a ganinsa an cuce shi. Mai sayarwa kuwa zai ce lafiya lau ta bar hannunsa, wa ya san abin da ya same ta a mota, ko a hannun yara? A ce kuma ma'aikaci a Gwiwa ya ga rago a hoto gab da Babbar Salla, an ɗauke shi daga ƙasa ya yi kamar ɗan maraƙi, da aka sauko da shi daga mota sai ga ɗan tunkiya. Akwai wanda ya ba da kafin alƙalami, albashi ya yi jinkiri, ya nemi fasawa, aka ce kuɗinsa sun nutse. Akwai kuma gwanjon da mai kaya ya ke sa abokansa su yi ta ƙara tayi, ba don su saya ba, sai don su tunzura mai saye na gaskiya.

Kada kuwa a ɗauka masu sayarwa ne kullum da laifi. Su ma suna da nasu kuka. Wata ta kan karɓi leshi ta ɗinka, ta ci biki da shi, sa'an nan ta ce ba launin da ta zaɓa ba ne. Wani ya kan ci gwanjo ya ɓace, bayan an sallami sauran masu tayi. Wani ya kan aiko da saƙon banki na jabu, a saki kaya, a duba asusu a ga wayam. Mai ƙaramin jari in aka mayar masa da kaya sau biyu, ga kuɗin mota zuwa da dawowa, to, jarin ya karye. Saboda haka ne da yawansu su ke rubuta cewa in an saya ba a mayarwa.

Me Shari'a Ta Ce?

To, wannan rubutu yana da ƙarfi a gaban alƙali? Abin mamaki shi ne, littattafan da malamanmu su ke karantarwa a zaure sun daɗe da yanke wannan magana. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, ya halatta a sayar da abin da ba ya nan bisa siffa, amma ba a sharɗanta biyan kuɗi tun kafin ya iso, sai in yana kusa, ko ya zama abin da ba ya saurin sauyawa, kamar gida ko gona. In kaya suka zo ba bisa siffar ba, mai saye ba ya cikin tilas. Wanda kuma ya tarar da tsohon aibi da ba a gaya masa ba, yana da zaɓi, ko ya riƙe, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Amma in ya ga aibin ya ci gaba da amfani da kayan, to, ya nuna ya yarda ke nan. Gwanjo halal ne, amma ƙara tayi don a ruɗi wani haramun ne. Kafin alƙalamin da a ke cinyewa in an fasa ciniki, shi ma Imamu Malik bai yarda da shi ba.

Dokar tarayya ma kusan nan ta sauka. Dokar gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019, ita ta kafa hukumar FCCPC. Sashe na 122 na dokar ya ba mai saye ikon mayar da kaya ya karɓi kuɗinsa cif, in bai sami damar duba su kafin a kawo ba, kuma suka saɓa wa siffa ko samfurin da aka nuna masa, muddin ya mayar cikin lokacin da ya dace. A 2022 Babbar Kotun Jihar Enugu ta yanke hukunci a kan wani kamfanin motocin haya da ya hana fasinja kuɗin tikitinsa, ta ce ƙa'idar ba a mayar da kuɗi ta saɓa wa wannan doka, ta kuma sa a biya shi diyyar naira 500,000. Ban da haka, dokar shaida ta 2011, a sashe na 84, ta yarda a karɓi abin da ya fito daga kwamfuta ko waya a matsayin shaida in an cika sharuɗɗansa.

Ashe ba doka ce ta yi ƙaranci ba. Wahalar ita ce, wa za a kai wa sammaci? Lambar waya ba ta da unguwa, ba ta da mai unguwa. Sa'an nan mutumin Babura da aka ci wa naira dubu ashirin a Legas, in ya lissafa kuɗin mota da kwanakin da zai bar aiki, sai ya ga gara ya bar wa Allah. Da wannan lissafi macuta su ke cin kasuwarsu.

Yadda Wasu Suka Yi

Mutanen da suka ƙago gwanjon intanet su ma sun sha wannan ruwa. A 1995 wani mutum a Amurka, Pierre Omidyar, ya buɗe shafin da daga baya ya zama eBay. Cikin abubuwan farko da ya sayar akwai wata 'yar fitilar nuni da ta lalace, aka taya ta dala 14.83. Sai ya tuntuɓi mai sayen ya tambaye shi ko ya gane lalatacciya ce, shi kuwa ya ce ya sani. Ba a yi rigima ba, domin an faɗi aibi tun fari, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa. Da ciniki ya yi yawa, sai kamfanin ya sa masu saye da masu sayarwa su riƙa ba juna shaida a fili, daga baya ya ɗauki lamunin mayar da kuɗi in kaya ba su zo ba ko sun saɓa wa siffa, muddin an kai kuka cikin kwana 30. In muka duba da kyau, ba wani sabon abu suka yi ba. Dillali suka ƙera da na'ura, shi ne kuwa abin da mu muka yar a hanya.

Abin da Ya Kamata Mu Yi

Maganin, a ganinmu, shi ne a komo da abubuwan nan uku. Game da gani, kada a tsaya a hoto. A nemi mai kaya ya nuna su kai tsaye ta bidiyo, rago a tsaye kusa da mutum, waya a kunne. In akwai ɗan'uwa a garin, a tura shi ya duba, gani ya kori ji. Game da shaida, a rubuta siffa da farashi da ranar isowa da wanda zai biya kuɗin mota in an mayar, duk kafin a tura ko kwabo, kuma kada a goge saƙonnin. A lura sunan da ke kan asusu ya dace da na mai kaya. Game da lamuni, a biya bayan kaya sun iso in da hali, in babu, a ajiye kuɗin hannun amintaccen da duka biyu suka yarda da shi. Mai zauren gwanjo da ke karɓar la'ada kuwa, lalle ya san dillali ne, kada ya ci la'ada ya ce ba ruwansa. Gwanjon hukuma ba a biyan kuɗinsa cikin asusun wani mutum.

In abin ya riga ya faru, a daina amfani da kayan, a gaya wa mai sayarwa nan take. In damfara ce, a garzaya banki a rubuta koke, in mako biyu ya wuce ba a ga bayani ba a kai wa Babban Bankin Nijeriya, a kuma sanar da 'yan sanda. In saɓani ne tsakanin mutanen da suka san juna, sulhu a gaban shugabannin kasuwa ko mai unguwa ya fi sauri, ya fi kuma tsare mutunci. Masu sayarwa su ma su sani, faɗin aibi ba ya kashe kasuwa, ɓoye shi ke kashe ta.

Daga ƙarshe muna jan hankalin malaman makaranta da ma'aikatan ofis. Ku ne a ke kawo wa waya a ƙauye a ce ku karanta saƙo, ku ne a ke tambaya ko wannan shafi na gaskiya ne. Wanda kuka ce wa ya dakata, zai dakata. In kuka koya wa yara a aji, da iyayensu a majalisa, cewa ba a tura kuɗi sai an san wanda za a riƙe, to, kun tsare wa jama'a dukiya mai yawa tun ba a je gaban alƙali ba. Allah ya sa albarka a cinikinmu, ya kuma kiyashe mu da cin haƙƙin juna, amin.