Shin Mai Bautar Gumaka Ya Yi Wa Kiristoci Adalci A Tarihin Rum?

Wani mai sauraronmu daga Damagaram ya aiko da takarda yana tambaya: lokacin da daular Rum ta koma Kiristanci, yaya marubutan da suka ci gaba da bautar gumaka suka ba da labarin?

To malam, wanda masana suka fi dogara da shi shi ne Amiyanus Marselinus, wani Bagirke tsohon soja da aka haifa wajen shekara ta 330. Ya rubuta tarihin Rum da Latinanci cikin littattafai 31, amma 18 ne suka tsira, waɗanda suka ƙunshi shekarun 353 zuwa 378.

Amiyanus dai gumaka yake bauta wa, kuma gwaninsa shi ne sarki Juliyan, wanda ya bar Kiristanci ya yi ƙoƙarin farfaɗo da addinin kakanni. Har ya bi shi yaƙin Farisa a 363, inda sarkin ya mutu. Duk da haka bai rufe masa asiri ba. Ya ce dokar da Juliyan ya kafa ta hana Kiristoci koyar da nahawu da balaga zalunci ce. Ya kuma yi masa ba'a kan yawan yanka dabbobi ga gumaka, wai da ya dawo daga Farisa da shanu sun yi wuya.

Su ma Kiristoci bai ƙyale su ba. Ya ba da labarin faɗan da aka yi a birnin Rum a 366 tsakanin magoya bayan Damasus da na Ursinus kan kujerar bishop, inda aka ƙirga gawa 137 cikin majami'a ɗaya a rana guda. A ganinsa kwaɗayin dukiya da girma ne ya jawo haka, don ya yabi limaman ƙauyuka masu ƙanƙan da kai wajen ci da sutura.

Sai dai ka lura, malam, ya kammala aikinsa ne zamanin sarki Tiyodosiyus, wanda ya haramta yanka wa gumaka a 391. Shi ya sa wasu masana ke ganin taka-tsantsan ne ya yi, yana sukar Kiristanci a fakaice, wasu kuwa suka ce adalcinsa ne na gaske.

Da fatan ka gamsu.