Allurar da ake yi kafin sikanin hanta: akwai abin tsoro ne?

Yayana mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12 ya daɗe yana fama da ciwon hanta nau'in B. Kwanaki da aka yi masa sikanin, likita ya hango ɗan ƙullutu a hantarsa, ya ce sai an sake ɗauka, amma da allura a jijiya. Gogan naka ya ce atafau, wai ya ji ruwan hoto yana kashe ƙoda. Ni na raka shi, na tsare likita da tambayoyi.

Ashe ruwan hoton ba iri ɗaya ba ne. Wanda ake yi kafin hoton CT yana da sinadarin aidin, kuma ta ƙoda yake fita, shi ya sa ake fara duba lafiyarta. Na sikanin kuwa, irin su SonoVue, 'yan ƙananan kumfan iska ne da ba su kai ƙwayar jini girma ba. Abin da ake ɗurawa bai wuce rabin ƙaramin cokali ba. Kumfan suna bin jini su shiga hanta, likita yana kallon yadda ƙullutun ke cika da yadda yake washewa. Da haka yake gane mai kama da daji da wanda ba shi da illa. Cikin 'yan mintuna iskar ta fice ta numfashi, babu ruwanta da ƙoda. A Turai tun 2001 ake amfani da shi, Amurka ta amince da shi don hoton hanta a 2016.

Ba wai babu haɗari sam ba. Wasu kan ji ciwon kai, tashin zuciya ko ɗan ɗumi a hannu, ya wuce da kansa. Babban abin gudu shi ne jiki ya ƙi maganin har numfashi ya sarƙe. Da wuya ya faru, amma in zai faru yawanci cikin minti 30 na farko ne. Saboda haka kada ka yi saurin tashi, kuma a yi maka a inda ake da kayan agajin gaggawa.

Kafin allurar, gaya wa likita in kana da ciwon zuciya ko na huhu, ko wani magani ya taɓa tayar maka da borin jini. Mai juna biyu ita ma ta faɗa.

Yaya dai ya yarda an yi. Alhamdulillahi, ƙullutun curin jijiyoyin jini ne kawai. Da ya gudu, da har yau yana kwana da zullumi.