Yadda ake jinyar bishiyar bonsai a cikin ɗaki

Bonsai dai wata fasaha ce ta renon bishiya a cikin ɗan ƙaramin kasko, inda ake datse rassanta da saiwoyinta don kada ta yi girma. Japanawa ne suka yi fice a kanta, ko da yake daga ƙasar Sin suka samo ta.

Irin wannan bishiya kan yi tsawon rai ƙwarai. A birnin Washington akwai wadda ake reno tun shekarar 1625. Ta tsira daga bam ɗin nukiliyar da aka jefa wa Hiroshima a 1945, kafin a ba Amurka kyautarta a 1976.

To sai dai da dama daga cikin waɗanda ake sayowa a ajiye a falo kan mutu cikin 'yan watanni.

Sau da yawa ɗakin ne ciwon. Bishiyoyi irin su junifa na buƙatar rana da iska da sanyin hunturu, don haka zaman ɗaki kan kashe su sannu a hankali. Waɗanda suka fi jurewa su ne dangin ɓaure da ceɗiya, su ma sai an ajiye su dab da taga mai haske.

Sai kuma batun ruwa, inda aka fi yin kuskure. Idan ganye ya yi rawaya ya fara zuba, mai bishiyar yakan zaci ƙishirwa ce ya ƙara ruwa, alhali saiwar ce ke ruɓewa saboda ƙasar ba ta tsanewa. Kamata ya yi a nitsa yatsa a cikin ƙasar, kada a yi ban-ruwa sai samanta ya fara bushewa.

Idan ƙasar na wari, sai a ciro bishiyar a duba. Lafiyayyar saiwa tana da ƙwari, ruɓaɓɓiya kuwa ta yi baƙi ta yi laushi. A yanke ruɓaɓɓun da almakashi mai tsabta, a sake dasa ta a ƙasa mai tsakuwa-tsakuwa cikin kasko mai huji a gindi.

Kada a sa mata taki har sai ta fara toho, domin takin na iya ƙone saiwar da ta rage.

Don sanin ko tana da sauran rai, akan ɗan kankare ɓawon reshe da farce. In an ga kore a ƙarƙashi, da sauran fata. Launin ganye kuwa na iya yaudara, domin junifa kan yi makonni da koren ganyenta bayan ta riga ta mutu.