Injin Tankin Murjani da Ɗan Garuwa Mai Amana

Murjani dabba ne, ko da yake wanda ya gan shi a ƙasan teku zai rantse dutse ne ko tsiro. A Bahar Maliya, daga gaɓar Jidda har zuwa Sanganeb da ke kusa da Port Sudan, wurin da UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2016, igiyar ruwa ce ke yi masa hidima dare da rana. Ita ke kawo masa abinci da iska, ita ke tafiya da ƙazantarsa. Masu kiwonsa a tankin gilashi, waɗanda suka fi yawa a Turai da Amurka da gabashin Asiya, sun raba shi da teku, saboda haka aikin teku ya dawo wuyansu.

Da yawansu tanki biyu suke haɗawa. Na sama shi ne na kallo, inda murjani da kifi suke. Na ƙasa yana ɓoye cikin kabad, a nan ake ajiye matata, da na'urar ɗumama ruwa, da na'urar kumfa mai tsame datti. Ruwa yana gangarowa ƙasa da kansa, amma ba ya hawa da kansa. Sai an sa inji ya mayar da shi sama, awa 24, shekara da shekaru. Ran da injin ya tsaya, an yanke tankin sama daga duk abin da ke tace shi da daidaita zafinsa.

Duk gidan da ba ruwan famfo ya san wannan halin, domin rayuwarsa ta rataya a wuyan ɗan garuwa. Uwargida mai hankali kuwa ba ta zaɓar mai ruwa don ƙirar jikinsa ko yawan jarkokin da ya jera a kura. Abin da take tambayar maƙwabta shi ne, "Yana zuwa kullum?"

Abu na farko da take lura da shi, inda gidanta yake. Mai ruwan da ke gudu da kura a shimfiɗaɗɗen titi, in ya zo tudu ko gidan bene sai ka ga ya rage kaya. Haka inji yake. Lambar da ake bugawa a kwali ƙarfinsa ce in babu hawa ko kaɗan. Ɗauki Eheim 1260, injin Jamus da ya yi suna wajen juriya: an rubuta masa lita 2,400 a awa, amma iyakar hawansa mita 3.7 ne, kuma a can ɗigo ba ya fita. Tsakanin tankin ƙasa da bakin na sama yawanci mita ɗaya da rabi ne ko ƙasa da haka, sannan kowace lanƙwasar bututu tana cin nata rabon. Shi ya sa kamfanonin kirki ke buga jadawalin da ke nuna lita nawa injin ke bayarwa a kowane tsayi. Wannan jadawali shi ne gaskiyar injin, shi ya kamata a karanta kafin a taɓa aljihu.

Sai kuma girman randa. Mai ruwan da ya kawo fiye da abin da randa za ta ɗauka tsakar gida zai jiƙa. Masu kiwo da yawa suna neman ruwan tanki ya zagaya ta ƙasa sau 3 zuwa 5 a awa. Ke nan tanki mai lita 300 yana son lita 900 zuwa 1,500 bayan an cire asarar hawa. In aka wuce abin da bututun gangara zai iya haɗiyewa, sai ƙara ta dami gida, ko ruwan gishiri ya malala a ɗaki. Kaɗawar da murjani ke buƙata a cikin tankin sama aikin wasu ƙananan injuna ne masu tada igiya, bai kamata a ɗora wa injin mayarwa ba.

Akwai batun tsabtar jarka. Ba wanda zai sayi ruwa a jarkar da ta taɓa ɗaukar kalanzir. Ruwan murjani yana da gishiri kamar giram 35 a kowace lita, kuma yana cin ƙarfe. Injin da aka ƙera don ruwan daɗi, mai sandar farfela ta ƙarfe, zai iya yin tsatsa ya gurɓata tanki, shi ya sa ake neman mai sandar tangaran ko titaniyam. Zafi ma wani kaya ne da inji ke shigowa da shi a ɓoye. Wanda ke nutse cikin ruwa, kusan duk wutar da ya ci zafi take komawa, kuma wat 65 na wancan Eheim ɗin ba ya hutawa. Murjani yana son digiri 24 zuwa 26 a ma'aunin Salshiyas. In zafi ya hau ya daɗe, sai ya kori ƙananan tsiran da ke zaune cikin naman jikinsa suna ciyar da shi, ya yi fari fat, daga nan sai mutuwa. A ƙasa mai zafi, kowane wat abin lissafi ne.

Injunan zamani masu wutar DC, irin Vectra na kamfanin EcoTech Marine a Amurka ko na Jebao daga Sin, suna da sauƙin cin wuta, ba su da ƙara, kuma ana iya rage musu gudu da maɓalli. Sai dai suna tafe da akwatin sarrafawa da na sauya wuta, kowanne kuma wuri ne da zai iya lalacewa. Tsofaffin masu wutar AC ba su da wannan ado, amma abin lalacewa a jikinsu kaɗan ne. Kowanne da ranarsa. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce wadda ake yi wa mai ruwa bayan ya yi tafiyar salla: zai dawo bakin aiki ba sai an aika nemansa ba? Injin da in an ɗauke wuta aka dawo da ita ba ya tashi sai an taɓa farfelarsa, bai cancanci a bar masa gida a yi tafiya ba. A gwada shi: a zare waya, a duba ko tankin ƙasa zai ɗauke ruwan da ke komowa ta bututu, a mayar, a ga ko zai tashi da kansa.

Amana kuma hannu biyu ce. Gidan da ke jan kuɗin mai ruwa bai isa ya yi ƙorafin rashin zuwansa ba. Ruwan murjani cike yake da sinadarin alli, yana daskarewa a farfela har ta cije. Duk bayan 'yan watanni a kwance injin, a jiƙa shi cikin ruwan khal, a goge. A kula kada ruwan sashen tankin ƙasa da yake zaune a ciki ya ƙafe, domin juyawa a bushe na kashe shi. A sayi wanda ake samun kayan gyaransa, a kuma ajiye na biyu a kabad ko da mai araha ne, kamar yadda uwargida ke riƙe da lambar wani mai ruwan saboda ranar ɓacin rana.

Wanda ya ɗauko rai daga teku ya sa a ɗakinsa ya ɗauki haƙƙi. Zai iya tsimi a kan kabad da kayan ado, amma ba a kan injin da ran dabbobin nan ya dogara da shi ba. Ya auna tsayin da ruwa zai hau, ya lissafa litar tankinsa, ya tambayi waɗanda injinsu ya shekara biyar yana aiki, sannan ya saya.