Zuwa uku birnin Gdansk, da labarin nas ɗin da ta tare ƙofa

Idan kika ga hoton Gdansk a waya, abin da zai fara ɗaukar idonki shi ne dogayen gidaje sirara masu launi-launi, a jere kamar kwanuka a kabet ɗin amarya. Za ki rantse sun shekara ɗari huɗu a tsaye. To, yawancinsu bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka gina su. A watan Maris na 1945, lokacin da sojojin Tarayyar Sobiyet suka ƙwace birnin daga hannun Jamus, kusan kashi 90 cikin ɗari na tsohon garin ya zama kufai. Waɗanda suka zauna a cikinsa daga baya ne suka sake tayar da shi, suna duba tsofaffin zane-zane da hotuna.

Gdansk tashar jiragen ruwa ce a arewacin ƙasar Polan, a bakin tekun Baltik. Ƙanwata tana karatun likitanci a can, shi ya ba ni dalilin zuwa har sau uku cikin shekara huɗu.

Zuwan farko a watan Agusta ne, na tarar ana cin kasuwar Dominik, wadda aka fara yi tun 1260. Tituna maƙil da rumfuna, daga masu tsofaffin agoguna har masu zuma da kayan saƙa. A bakin kogin Motlawa akwai wani baƙin gini na katako da ya leƙo kan ruwa. Injin ɗaga kaya ne da aka gina a shekarun 1440, kuma ba wuta ba mai: mutane ne suke shiga cikin manyan ƙafafun katako suna tafiya, ƙafafun na juyawa, igiya na jan kaya daga jirgi. Daga nan sai titin Mariacka, inda ake sayar da amba, wato ƙaron itatuwa da ya daskare tun miliyoyin shekaru ya zama kamar dutse mai ruwan zuma. Wani za ki ga ƙwaro a maƙale a cikinsa. Shawarata, ki saya a shagon da zai ba ki takardar shaida, don roba ma ta iya kwaikwayon amba.

Abin da ya ba ni dariya ni kaɗai shi ne wani tsohon ma'aunin zafi da aka kafa cikin gilashi a dandalin Dlugi Targ. Ashe Daniel Fahrenheit ɗan garin ne, a nan aka haife shi a 1686, kuma shi ya inganta ma'aunin zafi mai zaiba a ciki. Duk uwar da ta taɓa kwana tana auna zazzaɓin ɗanta ta ci moriyar aikinsa.

Zuwa na biyu a Disamba ne. Kafin ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufa, iskar teku kuma tana ratsa kowace irin riga. Sanyin ya kora ni cikin gidajen tarihi, a nan na fara sanin nauyin garin. Tsakanin 1920 da 1939 birni ne mai cin gashin kansa da ake kira Danzig, mafi yawan mazaunansa Jamusawa. Da asubahin 1 ga Satumba 1939 wani jirgin yaƙin Jamus ya buɗe wuta kan ƙaramin sansanin sojojin Polan a Westerplatte, bakin tashar jiragen. Sun yi kwana bakwai suna turjiya. Daga nan ake lissafin farkon Yaƙin Duniya na Biyu. Gidan tarihin yaƙin, wanda aka buɗe a 2017, yana cin sa'a uku ko fiye, kuma ni dai ba zan shiga babban zaurensa da yaron da bai kai shekara 12 ba. An ware wa ƙanana nasu sashen.

Amma abin da ya tsaya min a rai ba a gidan tarihi yake ba. A gaban babbar tashar jirgin ƙasa akwai mutum-mutumin tagulla na yara biyar da akwatunansu, suna jiran jirgi. Tunawa ce da yaran Yahudawa da iyayensu suka tura Ingila su kaɗai gab da ɓarkewar yaƙi, kimanin 10,000 daga sassan Turai. Wanda ya ƙera shi, Frank Meisler, yana cikin yaran da suka tashi daga wannan gari a 1939. Iyayensa ba su tsira ba. Na daɗe a wurin ina duban 'yar ƙaramar cikinsu, ina tunanin uwar da ta haɗa mata kaya.

A zuwa na uku na tafi da 'yata mai shekara tara, muka nufi masana'antar ƙera jiragen ruwa, tafiyar kamar minti ashirin a ƙasa daga tsohon gari. Kowa ya san sunan Lech Walesa, mai gyaran wutar lantarkin da ya jagoranci yajin aikin 1980, daga baya ya zama shugaban ƙasa. Sunayen matan ne ba a cika ambata ba. Yajin ya tashi ne ranar 14 ga Agusta saboda an kori Anna Walentynowicz, mai tuƙa injin ɗaga kaya, ana saura wata biyar ta yi ritaya.

Sai kuma Alina Pienkowska. Nas ce a asibitin masana'antar, ba ta kai shekara 30 ba, tana rainon ɗanta ita kaɗai. Da hukuma ta katse wayoyin masana'antar, ta wayar asibitin ta aika labarin yajin zuwa babban birni, Warso, daga can ya bazu duniya. A rana ta uku shugabannin masana'antar suka amince da ƙarin albashi da mayar da waɗanda aka kora, aka sanar cewa yaji ya ƙare, maza suka fara tururuwar fita. Alina da Anna da wasu mata suka ruga bakin ƙofofi suna roƙon mutane su tsaya. Hujjarsu ita ce direbobin motocin haya da ma'aikatan ƙananan masana'antu sun shiga yajin ne don mara musu baya, idan aka watse yanzu su za a murƙushe. 'Yan ɗaruruwa suka tsaya, kuma hakan ya isa. Ranar 31 ga Agusta gwamnatin gurguzu ta sa hannu kan yarjejeniyar da ta ba ma'aikata 'yancin kafa ƙungiya mai zaman kanta, wadda aka san ta da Solidarnosc, wato haɗin kai.

Buƙatunsu 21 ne, an rubuta su da hannu a kan alluna biyu na katako aka rataya a ƙofa. Allunan suna nan a Cibiyar Haɗin Kai ta Turai da aka buɗe a wurin a 2014. Ƙanwata ta riƙa fassara mana ɗaya bayan ɗaya. Ta 16: a gyara yanayin aikin ma'aikatan lafiya. Ta 17: a samar da isassun gurabe a gidajen raino don 'ya'yan mata masu aiki. Ta 18: a ba uwa hutun raino na shekara uku tare da biya. 'Yata ta ɗago kai ta ce, "Umma, ashe su ma ba su da mai riƙe musu yara idan suna aikin dare?" Na ce mata haka ne. Duk wadda ta taɓa goya jariri zuwa gidan maƙwabciya kafin ta kama aikin safe ta san cewa waɗannan buƙatu uku ba ado aka sa su ba.

Ga mai niyyar zuwa da yara, tsakanin Yuni da Agusta ya fi, sai dai ki sani rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara a tsakiyar bazararsu, lokutan salla da na barcin yara duk sai kin sake lissafi. Akwai masallaci a unguwar Oliwa, wanda Musulmin Tatar na Polan suka gina aka buɗe a 1990. Naman alade ya yi yawa a girkinsu, don haka kifi muka fi ci, kuma mukan tambaya kafin a zuba. Titunan tsohon gari na dutse ne, keken jarirai yana wahala a kai, zanin goyo ya fi shi.

Ita kuwa Alina, an tsare ta bayan da sojoji suka kafa dokar ta-ɓaci a Disamban 1981. Da mulkin gurguzu ya faɗi aka zaɓe ta sanata a 1991, ta yi zango ɗaya. Ta rasu a 2002 tana da shekara 50. Ƙofa ta biyu ta masana'antar, inda aka rataya allunan, tana nan a tsaye, har yau mutane suna saƙala furanni a jikin ƙarafunanta.