Ƙoƙon Gwiwa Mai Gocewa: Wane Maɗauri Ne Zai Yi, Wanne Ne Asarar Kuɗi?

A kusan kowane babban kemis a garuruwanmu akwai jerin kwalaye masu hoton gwiwa, kowanne ɗauke da maɗaurin roba ko na yadi, wani da ƙarfe a gefe, wani da rami a tsakiya. Idan uba ya shigo ya ce 'yarsa ce ƙoƙon gwiwarta ke gocewa, mai shago abu biyu yakan duba: kaurin ƙafar da ƙarfin aljihu. Daga nan sai a miƙa wanda ya fi tsada a ce shi ne mai kyau. A ganina an fara daga inda ya kamata a ƙare. Maɗauri yana da amfani, amma amfaninsa ƙarami ne kuma na wani lokaci, kuma babu yadda za a zaɓi wanda ya dace sai an san dalilin gocewar da kuma matakin da ciwon yake. Wanda ya saya kafin a duba gwiwar, sa'a kawai yake gwadawa, kuma da ƙafar yaro yake gwada ta.

Ƙoƙon gwiwa ƙashi ne da ke zaune cikin jijiyar da ta haɗa tsokar gaban cinya da ƙashin ƙwauri. A ƙarshen ƙashin cinya akwai wani kwari da ƙoƙon ke zamewa a ciki, sama da ƙasa, duk lokacin da mutum ya lanƙwasa ƙafa ko ya miƙe ta, kamar yadda bel ɗin injin markaɗe ke gudu cikin kwarin tayarsa: in kwarin ba shi da zurfi, ko an ɗaura injin a karkace, bel zai riƙa tsalle. Idan ƙafa tana miƙe, ƙoƙon yana sama da kwarin, bai shiga ba tukuna, sai gwiwa ta lanƙwasu kimanin digiri 20 zuwa 30 yake faɗawa ciki ya samu kariya. A wannan ɗan tsakanin, abin da ya fi riƙe shi wata siririyar jijiya ce da ke ɓangaren ciki na gwiwa, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da MPFL, ita ce ke ɗauke da fiye da rabin aikin hana shi fita. Shi ya sa gocewar kusan kullum waje take yi, ɓangaren ƙaramin yatsa, kuma takan faru ne lokacin da tafin ƙafa ke kafe a ƙasa, gwiwa ta ɗan lanƙwasu, mutum ya juya da sauri: ɗan ƙwallo da ya yi yanka, yarinya mai tsallen igiya, ko wanda ya sauko daga babur a karkace. A mafi yawan gocewar farko wannan jijiya takan yage.

Ba kowa ne abin ke samu ba. Ya fi yawa a samari da 'yan mata masu tasowa, daga shekara 10 zuwa 17, kuma akwai siffofin halitta da ke jawo shi. A 1994 likitan ƙashi Henri Dejour da abokan aikinsa a birnin Liyon na Faransa suka fitar da bincike da ya tsara manyan dalilan, kuma har yau da shi ake aiki: kwarin da ba shi da zurfi ko ya baje gaba ɗaya, ƙoƙon da ya zauna can sama fiye da ƙima, wurin da jijiya ta manne a ƙwauri ya karkata waje da yawa (milimita 20 ko fiye, a awon hoto), da ƙoƙon da ya kishingiɗa gefe. A kan waɗannan akwai gwame, da sakin gaɓoɓi irin na waɗanda yatsunsu da gwiwar hannunsu ke lanƙwasuwa baya. Kimanin mutum ɗaya cikin uku da ƙoƙonsu ya goce sau ɗaya zai sake gocewa, bayan na biyu kuwa lissafin yakan kai rabi, kuma yaron da ƙashinsa bai gama girma ba, ga shi kwarinsa a baje, haɗarinsa ya zarce haka nesa. Duk wanda ya dubi wannan jeri zai ga cewa babu ko ɗaya da roba za ta iya canzawa. Maɗauri ba ya ƙara wa kwari zurfi, ba ya sauko da ƙoƙon da ya hau sama.

Akwai wani dalilin da ya sa dubawa ta riga saye, wanda ya ma fi wannan gaggawa. Lokacin da ƙoƙo ya fita ya koma, yakan gogi bakin ƙashin cinya, wani lokaci har ya ɓalle guntun guringuntsi ko na ƙashi ya bar shi yana yawo cikin gaɓar. Idan an gano da wuri ana iya mayar da babban guntu a manne shi, in an bar shi watanni sai ya lalace, gwiwa ta riƙa maƙalewa, wurin da ya ɓalle kuma ya zama mafarin ciwon gaɓa tun mutum yana matashi. Hoton ƙashi yana nuna wasu, na MRI ya fi nuna guringuntsi. Sannan ba duk gwiwar da ke kwacewa ce matsalar ƙoƙo ba. Tsinkewar jijiyar tsakiyar gwiwa, wadda 'yan ƙwallo suka sani da ACL, ita ma tana sa ƙafa ta saki mutum ba zato, kuma maɗaurin ƙoƙo ba ya yi mata komai. Za a ce asibiti tsada, layi tsawo, hoton MRI kuma ba kowane gida ne zai iya biya ba, alhali maɗauri ga shi nan a kemis. Wannan magana gaskiya ce, ba kuma za a raina ta ba. Amma ba kowa ne ke buƙatar MRI ba. Gwajin hannu na likitan ƙashi ko na masu gashin ƙashi, tare da hoto na yau da kullum, sukan isa a raba wanda zai warke da atisaye da wanda ke buƙatar ƙarin bincike, kuma kuɗinsu ba lallai ya kai na maɗaurai biyu ko uku da ake saya a jere ana jefarwa ba. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano yana wannan aiki tun 1959, asibitocin koyarwa da manyan asibitocin jihohi ma suna da sashen ƙashi da na gashi. Game da masu ɗori kuwa, yabon da ake yi musu cewa sun mayar da ƙoƙon yana buƙatar gyara: sau da yawa ƙoƙo yakan koma da kansa da zarar an miƙe ƙafa a hankali. Mayarwar ita ce mai sauƙi. Abin da ya ɓalle a ciki hannu ba ya ganinsa, murza da ɗaurin kara mai tsanani kuma suna iya ƙara ɓarna.

Idan an duba, an tabbatar ƙoƙon ne, sai a zo kan zaɓi. Safar gwiwa ta roba zalla, wadda ba ta da komai a jikinta, tana matse kumburi tana ɗumama wurin, amma ba ta tura ƙoƙo ko'ina. Mai rami a tsakiya da zoben soso kewaye da shi ta ɗan fi, domin tana yi wa ƙoƙon iyaka ta kowane gefe, sai dai mai laushi ce. Wanda aka ƙera domin wannan matsala shi ne mai tudun roba a gefen waje na ƙoƙo, lanƙwasasshe kamar harafin J ko C, da igiyoyi masu mannewa da ake ja zuwa ciki. Irin wannan galibi akwai na dama akwai na hagu, kuma wanda ya sa na hagu a ƙafar dama ya mayar da tudun ɓangaren ciki, wato yana tura ƙoƙon zuwa inda yake gocewa. Akwai mai ƙarafa a gefe da ke lanƙwasuwa tare da gwiwa, wanda ke da amfani ga mai gwame ko wanda gwiwarsa ke wucewa baya, amma yana da nauyi kuma yana zamewa. Akwai dogon mai tauri da ke hana lanƙwasawa gaba ɗaya, na kwanakin farko bayan rauni ne ko bayan tiyata, bisa umarnin likita. Sai siririn zaren da ake ɗaurawa ƙarƙashin ƙoƙo, wanda ake yawan gani a filin ƙwallo: na ciwon jijiyar ƙasa ne, babu ruwansa da gocewa.

Hankali zai ce wanda ya fi tauri shi ya fi tsaro, kuma akwai binciken da ya taɓa goyon bayan haka. A 1997 likitoci biyu a Finlan, Mäenpää da Lehto, suka ba da rahoton mutum 100 da suka bi sawunsu shekaru masu yawa, suka ga waɗanda aka sa wa bandeji ko maɗauri mai laushi sun fi sake gocewa a kan waɗanda aka kafe ƙafarsu da filasta ko da tallafi mai tauri a bayan ƙafa, ko da yake 'yan filasta sun fi fama da sandarewar gwiwa. Sai dai wannan waiwaye ne a kan abin da ya riga ya faru, ba a raba majinyatan da ƙuri'a ba. A 2022 wasu likitocin, su ma a Finlan, Honkonen da abokan aikinsa, suka fitar da sakamakon gwajin da aka yi da ƙuri'a a kan mutum 79 da ƙoƙonsu ya goce karon farko. Kashi ɗaya aka sa musu maɗauri mai riƙe ƙoƙo da ke hana gwiwa wuce digiri 30, ɗaya kashin aka ba su safar roba kawai, kowanne na makonni 4. Bayan shekara 3, kimanin ɗaya cikin uku ne ya sake gocewa a kowane ɓangare. Bambancin da aka samu ma bai yi wa mai taurin daɗi ba: masu shi cinyarsu ta fi ramewa a farko, gwiwarsu kuma ta fi jinkirin lanƙwasuwa. Gwaji ɗaya ba ya rufe magana, amma ya isa ya hana mutum cin bashi domin sayen maɗauri mai ƙarafa da zaton ya sayi kariya.

Wani zai ce shi dai in ya sa yana jin ƙafarsa ta tsaya, in ya cire kuma tsoro yake ji. Wannan ji ba ƙarya ba ne. Matsin da roba ke yi wa fata yana taimaka wa ƙwaƙwalwa ta san inda gwiwa take, tudun gefe yana ɗan tura ƙoƙo a farkon lanƙwasawa inda ya fi rauni, kuma wanda tsoro ya ragu masa ya fi iya tafiya daidai. To amma a auna ƙarfin da ake magana a kai: wajen hawa bene nauyin da ke danna ƙoƙo ya kai ninki 3 na nauyin jiki, a tsugunno mai zurfi ya kusa ninki 7. Soso da igiya da ke zaune a kan fata mai zamewa ba za su tare irin wannan ƙarfi ba idan jiki ya juya a karkace. Abin da ke iya tarewa tsoka ce: ta gaban cinya, musamman ɓangarenta na ciki, da ta ɗuwawu da gefen ƙugu, wadda ke hana gwiwa faɗawa ciki lokacin sauka ko tsalle. Ƙarfafa su aikin makonni ne a hannun masu gashin ƙashi. Yawancin mutane sukan koma harkokinsu cikin makonni 6 zuwa 8, wasa kuma yakan ɗauki watanni 3 ko fiye. Amfanin maɗauri na gaskiya shi ne ya ba mutum ƙarfin zuciyar yin wannan atisaye. Haɗarinsa kuma shi ne ya ba shi ƙarfin zuciyar barin atisayen, ya koma fili da wuri.

Awo yana da muhimmanci fiye da sunan kamfani. Ana auna kewayen cinya da tef ɗin tela, yawanci santimita 15 sama da tsakiyar ƙoƙo, wasu kamfanoni kuma su nemi na tsakiyar gwiwa da na sharaɓa, sai a gwada da jadawalin da ke jikin kwali, domin matsakaicin wani kamfani ƙaramin wani ne. Wanda aka auna gwiwa tana kumbure zai yi yawa bayan mako biyu. A gwada shi a shago: a yi tafiya, a zauna, a hau mataki, a ga ko tudun ya tsaya a gefen ƙoƙo ko ya hau kansa, ko duka abin ya sulluɓe ƙasa. Robar neoprene tana riƙe zafi, a watannin bazara takan jawo ƙuraje da ƙaiƙayi, don haka mai yadin raga da iska ke ratsawa ya fi dacewa da yanayinmu, a kuma riƙa wanke shi da hannu ana shanyawa a inuwa. Na gwanjo yawanci robarsa ta saki, igiyoyin ba sa kamawa. Wanda ke da buɗaɗɗen baya ya fi sauƙi ga mai yawan lanƙwasa ƙafa, domin yadin ba ya taruwa yana cizon bayan gwiwa, kuma mu masu yawan lanƙwasawa ne: sujada, zaman tahiya, zaman tabarma, masai na tsugunno. A makonnin farko yin salla a zaune a kan kujera rangwame ne da addini ya bai wa marar lafiya, kuma ya fi tilasta wa gwiwa da maɗauri. Ba a kwana da shi sai likita ya ce. Idan ƙafa ta fara mutuwa, ko yatsu suka yi sanyi ko suka canza launi, ko tafin ƙafa ya kasa ɗagowa sama, a cire nan take, domin akwai jijiya a gefen waje ƙasa da gwiwa da igiya mai tsanani ke iya dannewa. Masu ciwon suga da waɗanda jininsu ba ya gudana sosai a ƙafa su riƙa duba fatar kullum. Kumburin sharaɓa mai zafi da ciwo kuwa yana iya zama daskarewar jini, wannan na asibiti ne a ranar.

Akwai inda maɗauri ke ƙarewa. Idan ƙoƙo ya goce karo na biyu ko na uku duk da atisaye na watanni, ko yana zamewa wajen tafiya kawai ko juyi a kan gado, ko gwiwa tana maƙalewa ta ƙi miƙewa, sauya maɗauri jinkiri ne da guringuntsi ke biyan kuɗinsa, domin kowace gocewa tana ƙara goge shi, shi kuma ba ya tsirowa yadda yake. A nan likitan ƙashi zai yi maganar tiyata. Wadda aka fi yi yanzu ita ce sake gina jijiyar ciki da wata da ake cirowa daga cinyar mutumin kansa, kuma kaɗan ne ke sake gocewa bayanta. Idan siffar ƙashi ce ta karkata sosai, akan haɗa da matsar da wurin da jijiyar ƙasan ƙoƙo ta manne a ƙwauri, aikin da ake jinkirtawa ga yara har sai ƙashinsu ya gama girma. Bayan tiyatar ma za a sa maɗauri na wasu makonni, wanda likitan da ya yi aikin zai zaɓa, ya kuma faɗi ranar cire shi.