Badalar Kano: Yadda tituna da shaguna ke cinye ganuwar da ta haura shekara 800

A shekarar 2010 ne katafila ta rushe Ƙofar Na'isa, ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin birnin Kano, domin a faɗaɗa titin da ya ratsa ta. Gwamnatin jiha ta ce ƙofar ta yi wa motoci kaɗan, kuma daga baya an gina wata a wurin da siminti. Masana tarihi dai sun ce abin da aka rasa ba zai dawo ba, domin ginin ƙasa na ɗaruruwan shekaru ne ya tafi cikin kwana guda.

Wannan taƙaddama ba ta mutu ba har yau.

Sarkin Kano Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ne ya fara gina ganuwar. Sarakunan da suka biyo baya sun ci gaba da aikin, an kuma faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. Da ƙasa zalla aka yi ta, kuma wasu kududdufan da ke gefenta ramukan da aka haƙo ƙasar ne. Lokacin da sojojin Birtaniya suka zo a 1903, sai da suka yi amfani da igwa kafin su shiga birnin.

A 2007 Najeriya ta saka ganuwar, tare da Dutsen Dala da Kasuwar Kurmi da gidan sarki, a jerin wuraren da take fatan UNESCO za ta amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya. Har yanzu suna jerin jira. Ɗaya daga cikin sharuɗɗan hukumar shi ne wuri ya kasance da asalinsa, kuma a nan ne ƙofar siminti ke zama matsala.

Dokar ma tana da baki biyu. Dokar 1979 ta ɗora wa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, NCMM, alhakin kare irin waɗannan wurare. Amma dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar birane a hannun gwamna. Wato mai gadin ganuwa yana Abuja, mai raba filin da ke jikinta yana gidan gwamnatin Kano. Ta wannan kafa aka yanka filaye a jikin badala, musamman a kan titin BUK, aka gina shaguna. A 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe wasu daga cikinsu, har ta ce za a yi amfani da ɓaraguzan wajen gyara ganuwar.

Ba gwamnati kaɗai ke da laifi ba. Akwai masu ɗibar ƙasar badala su yi bulo, akwai masu zuba shara, ga ruwan sama da ke zaizaye ta duk damina tun da aka daina aikin gayyar yaɓe.

Su ma masu son a faɗaɗa hanya suna da hujja. Ƙofofin an yi su ne don dawakai da raƙuma da jakuna, a jihar da ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutum sama da miliyan tara. Duk wanda ya taɓa maƙalewa a cunkoson Ƙofar Ɗan Agundi da yamma ya san ba wasa ba ne, balle idan motar asibiti ce.

Sai dai rusau ba shi ne kaɗai mafita ba. Lokacin da Masar ta gina madatsar ruwan Aswan, an yanka gine-ginen tarihi na Abu Simbel gunduwa-gunduwa tsakanin 1964 da 1968, aka ɗaga su mita 65 sama, aka sake haɗa su. Ginin ƙasa ba zai ɗauku haka ba, amma ana iya karkatar da titi ya bi ta gefen ƙofa a bar ta a tsaye, ko a bai wa masu binciken kayan tarihi 'yan makonni su auna, su haƙa, su ɗauki hotuna kafin katafila ta iso.

Wannan na biyun ya fi muhimmanci a kewayen Dala, inda aka gano alamun narka ƙarfe tun wajen ƙarni na 7. Duk ramin harsashin gini da aka tona a can ba tare da masani a wurin ba, yana iya tafiya da tukwane da kashin maƙera da ba a taɓa nazarinsu ba.